Ɗigon fari a jikin kifin ado: ya ɓace, ya sake dawowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 60, da kifin gofi da moli guda goma a ciki. A farkon hunturun nan na ƙaro guda biyu daga kasuwa. Bayan mako guda sai na ga ƙananan ɗigo farare a jikinsu da wutsiyoyinsu, suna ta goga jiki a kan duwatsu. Na sa magani kwana uku, ɗigon ya ɓace, na daina. Yanzu ya dawo ya fi na da, har uku sun mutu. Wani ya ce in fasa kafson ampisilin a ruwan. Ya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar miki da alheri, ya tsare sauran. Kafson nan dai ki ajiye shi. Ampisilin maganin bakteriya ne, abin da ke damun kifinki kuwa wata halitta ce daban mai rayuwa a jikin kifi, sunanta Ichthyophthirius multifiliis, masu kiwo na taƙaita shi su ce "ich". Wani masani ɗan Faransa mai suna Fouquet ya bayyana ta tun 1876, kuma har yau tana cikin cututtukan da suka fi yawa a kifin ruwan daɗi. Kafso ba zai taɓa ta ba, sai dai ya ɓata miki ruwa.

Abin da ya same ki ya samu kusan duk mai kiwon kifin ado, domin wannan ƙwaya tana da salon rayuwa mai yaudara. Ɗigon da kike gani kamar an barbaɗa gishiri, ƙwayar ce kwance a ƙarƙashin fatar kifin tana ci. Fatar ta lulluɓe ta, babu maganin da zai kai gare ta a nan. Idan ta ƙoshi sai ta fito ta faɗa ƙasa, ta manne a tsakuwa ko ganye ko gilashi, ta rufe kanta da wani kwanso. A nan ma magani ba ya cin ta sosai. Cikin kwanson take rarrabuwa, guda ɗaya ta zama ɗaruruwa, wani lokaci har dubu. Sai kwanson ya fashe, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifin da za su shiga. In ba su samu ba cikin kamar kwana biyu, sai su mutu. To, wannan ɗan lokacin na iyo shi kaɗai ne magani ke kama su.

Kin ga ke nan ranar da ɗigon ya ɓace kika yi murna, ranar ce suka sauka ƙasa don su hayayyafa. Kika janye magani daidai lokacin da ya kamata ya fara aiki.

Hunturu ma yana da hannu. A Zariya ruwan akwati kan yi ɗumi da rana ya yi sanyi ƙalau da asuba, kuma wannan hawa da sauka yana raunana kifi irin gofi da moli, masu son ruwa mai ɗumi. Sanyin kuma yana jan ran ƙwayar: a digiri 25 tana kammala zagayenta cikin kamar mako guda, amma a ruwan sanyi sai ta ɗauki makonni. Sanyi bai haifar da ita ba, sababbin kifin nan biyu ne suka shigo da ita, ko ruwan ledar da aka zubo su a ciki.

Ki ɗauka akwatin gaba ɗaya ya kamu, kada ki ware masu ɗigo kaɗai. Ki fara da zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kina bin tsakuwar ƙasa, don a can kwanson yake. Ruwan da za ki mayar, in na famfo ne, ki sa masa maganin cire kulorin, kuma ɗuminsa ya zo daidai da na akwatin.

In kina da hita da ma'aunin zafi, ki riƙa ƙara digiri ɗaya bayan 'yan sa'o'i har ki kai 29 ko 30. Zafin yana hanzarta ƙwayar ta bar jikin kifi ta fito inda za a same ta. Amma ina roƙonki ki kula da abu guda: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ita kuma cutar tana shiga har mashaƙar iskar kifi da ke gefen kai, kuma ta nan ta fi kisa. Dole injin busa iska ya kasance yana aiki dare da rana. In wutar unguwarku ba ta tsayawa kuma ba ki da injin iska mai batir, ni ba zan ba ki shawarar kai zafi 30 ba. Ki tsaya a 26 ko 27, ki lulluɓe akwatin da bargo da dare, ki ƙara kwanakin jinya. Kifin da ya taso saman ruwa yana haki, iska yake nema.

Gofi da moli suna jure gishiri, wannan sa'arki ce. Ki auna giram 2 a kowace lita, wato giram 120 ga akwatinki. Ki nemi gishiri zalla wanda ba a haɗa shi da komai ba, ki narkar da shi a kofi, ki raba shi uku, ki zuba cikin kwana biyu. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka in ruwa ya ragu da kansa ki cika da ruwa kawai. In kuwa ke kika kwashe lita 15, ki mayar da lita 15 da giram 30. Tsirran ruwa ba sa son gishiri, ki san da wannan.

In cutar ta yi ƙarfi, maganin kanti mai ɗauke da koren sinadarin da ake kira malachite green da kuma sinadarin fomalin ya fi gishiri sauri. Ki bi awon da ke jikin kwalbar, ki cire gawayin da ke cikin matatar ruwa don yana shanye magani, ki bar matatar kanta tana aiki. Kifin da ba shi da ɓawo, irin dangin tarwaɗa, rabin awo ake ba shi. Maganin da ke da jan ƙarfe a ciki kuwa yana kashe dodon koɗi da jatan lande.

Ko wanne kika zaɓa, ki yi kwana 10 zuwa 14, kuma ko ɗigo na ƙarshe ya ɓace ki ƙara aƙalla kwana huɗu. Ki rage musu abinci, ki kwashe gawa da zarar kin gani. Nan gaba duk kifin da kika sayo ya yi mako uku a wani bokiti ko ƙaramin akwati shi kaɗai, da ragarsa daban, kuma ruwan leda kada ya shiga akwatinki.

TAMBAYA: Malam, ina kiwon tarwaɗa na sayarwa a tankin siminti. Na ji ana yabon koren maganin nan na kifin ado. Zan iya sa wa nawa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Alhaji, don Allah kada ka sa. Malachite green yana zama a naman kifi na tsawon lokaci, ana kuma zargin yana iya jawo ciwon daji, shi ya sa Amurka da Tarayyar Turai suka hana amfani da shi a kifin da mutane za su ci. Kifinka miya zai shiga, yara za su ci. In ka ga ɗigon fari a tarwaɗarka, ka yawaita sauya ruwa, ka rage cunkoso, ka kai kifi ɗaya ko biyu masu rai wurin likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi ya kankare fatar ya duba a madubin likita. Shi zai tabbatar maka ko ita ce, ya kuma auna maka gishirin da ya dace da girman kifinka da yawan ruwan tankinka.