Yaya, ga labarin unguwar da za a kawo 'yarki

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar mutan gida. Saƙonki ya same ni, na saurare shi har sau uku, na kuma ji inda muryarki ta karye da kika ce, "Wai a ina za su ajiye mini yarinya?" Ban ga laifinki ba. Ke uwa ce, kuma tun da aka sa ranar nan kowa yake zuwa miki da nasa labarin Gana. Wani ya ce babu masallaci sai coci, wani ya ce jikokinki ba za su ji Hausa ba, wani ma ya ce mu da muke nan mun daɗe da ɓacewa. To bari ki ji daga bakina, tunda gidan da yaron da zai aure ta ya kama a Adenta, wata unguwa a bayan garin Akara, tsakaninsa da nawa bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba.

Da farko ki cire wa ranki cewa cikin baƙi za a kawo ta. Kakanmu, ƙanen kakanku, goro ya biyo daga Kano. Ya yi zama a Kumasi, daga baya ya gangaro Akara, wadda tsofaffinmu suke kira Ankara, lokacin da goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas. Ko da ya iso ya tarar da Hausawa sun riga shi, har Malam Bako ya kafa Sabon Zango. A nan aka haifi Baba, a Nima, wani zangon na cikin Akara, aka haife ni. A 1969 da gwamnatin Busia ta ba wa baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa, wasu danginmu suka tattara suka dawo muku Kano, mu muka tsaya. Yau ni da 'ya'yana katin 'yan ƙasa ne a hannunmu. Zango kuwa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagwamba, da Zabarmawa, da Mosawa, da Kotokoli, da Wangarawa, da Fulani, da Yarbawa, amma in aka haɗu a bakin famfo ko wajen suna, Hausa ce take fitowa a bakin kowa.

Kin tambaya me ya fitar da mu daga zango muka koma bayan gari. Wuri ne, Yaya. Gidan da na tashi a Nima iyali goma sha ɗaya ne a tsakar gida ɗaya. Da asuba layi ake yi a ƙofar banɗaki, kowa da butarsa, in an yi shanya sai ka sunkuya kafin ka wuce, yaro kuwa ba shi da wurin wasa sai bakin kwata. Ina son Nima har gobe, can cibiyata take, amma da yara suka kai huɗu muka ga ɗaki da falo ba za su ɗauke mu ba. Ba mu muka fara wannan ƙaura ba. Madina, wadda yanzu ta zama gari guda da kasuwarta da tashoshinta, a 1959 Alhaji Seidu Kardo da jama'arsa suka kafa ta a ƙasar mutanen La, tana daji. Da Madina ta cika, sai mutane suka ƙara gaba zuwa Adenta da Oyarifa da Ashaley Botwe, wasu kuma suka yi yamma zuwa Kasoa.

Layinmu jar ƙasa ce, kwalta a babban titi ta tsaya. Gidaje ne masu katanga da ƙyauren ƙarfe, kusan kowane gida da bishiyar mangwaro ko agada ko gwanda. In kin tsaya a ƙofata da yamma za ki hango duwatsun Aburi, daga can iska mai sanyi take saukowa. Wanda ya saba da zafin Kano na watan Afrilu zai ce a nan hutu ake yi, sai dai gumi, don iskar teku tana da laima. Damina biyu muke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Shi ya sa da yaron zai kama gida na hana shi biyan ko sisi sai da muka je bayan an ɗauke ruwan sama muka duba inda ruwa yake kwanciya. Gidan a kan tudu yake. Ɗaki biyu ne da falo, da kicin da banɗaki a ciki, mai gidan kuma yana zaune a sashensa na gaba. Kuɗin haya na shekara biyu ya biya a dunƙule. Haka masu gida suke nema a Akara, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa. Abin yana ci mini rai, don shi yake hana samari da yawa aure da wuri, amma wannan kam ya sauke nasa.

Maganar ruwa ba zan ɓoye miki komai ba, don ita ce abin da amarya za ta fara karo da shi. Adenta ta yi suna wajen ƙarancin ruwa shekara da shekaru. Da muka tare, jarkoki masu ruwan ɗorawa muke jerawa a bayan mota mu tafi nema. Da aka faɗaɗa aikin ruwa na Kpong abin ya yi sauƙi, amma har yanzu famfo ba kullum yake zuwa ba. Saboda haka kowane gida da baƙar tankin roba a kan dakali ko a saman ƙarfe. Daren da ruwa ya zo za ki ji bututu ya fara tari, sai maƙwabciya ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya, ko ƙarfe biyun dare ne, a tashi a cika tanki da baho da duk abin da zai riƙe ruwa. In ya yi kwanaki bai zo ba sai gida biyu ko uku su haɗa kuɗi a kira tanka. Na sha kuwa na leda ake saye, jaka jaka. Zan koya mata ta riƙa bubbuga jikin tanki da hannu, daga amonsa ake gane inda ruwa ya tsaya.

Wuta ta fi ruwa kwanciyar hankali. Mita ce ta kati, da waya ake saye, don a nan kusan komai da kuɗin waya ake biya, wanda muke kira momo, har mai tumatir tana karɓa. Mun sha duhu a 2015, lokacin da ake ce wa abin dumso, wato kashe-kunna da Asantanci, amma yanzu firij yana riƙe nama.

Abin da nake jin tsoro wa yara shi ne babban titi, wanda ya ratsa Legon da Madina da Adenta ya haura Aburi. Ya ci rayuka. A Nuwamban 2018 mota ta kaɗe wata ɗalibar sakandare ta mutu, mutanen unguwa suka fito suka tare hanya suka ƙona tayoyi, bayan nan aka kammala gadojin sama na masu tafiya a ƙafa. A gidana doka ce, ko ba mota ko ɗaya a titi, ta gada za ka bi. Zirga-zirga kuwa da ƙananan bas ake yi, torotoro muke ce musu, yaron mota yana leƙe yana kiran Madina, Madina. Masu aiki a cikin gari daga sallar asuba suke kama hanya saboda cunkoso. Mijinta ma haka zai riƙa yi, ba zai dawo ba sai bayan magariba. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Masallaci yana nan a ƙarshen layi, mu muka gina shi da karo-karo, wani ya kawo bulo, wani siminti, mata muka sayi tabarmi da butoci. Juma'a maza suna zuwa Madina. In kin zo zan kai ki babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Sallar azumi da ta layya duka ranakun hutu ne na gwamnati tun zamanin Rawlings. Amma gaskiya ne, Kirista sun fi yawa a layinmu. Na dama da ni Ba'asante ne, tsohon malamin makaranta, ta hagu 'yar kabilar Ewe ce, ma'aikaciyar jinya. Ranar Lahadi za ki ji waƙar coci ta ko'ina, kamar yadda su ma suke jin kiran sallarmu tun asuba. Daren da ɗan autana ya shiɗe da zazzaɓi, Alhaji ba ya gari, ita wannan ma'aikaciyar jinyar ce ta fito da zane a ƙirji, ta shafe masa jiki da ruwa, ta tayar da ɗanta ya kai mu asibiti, ba ta bar ni ba sai da gari ya waye. Da layya cinya guda nake aika mata. Wannan zama a wurin manyanmu muka gan shi. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, da ya cika shekara 100 da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a Akara ya gaishe su. Kuma duk shekara, kafin bikin Homowo na mutanen Ga, ana hana kiɗa da hayaniya na wata guda, coci da masallaci kowa ya rage lasifika. Muna bi ba tare da jayayya ba. Su ne masu ƙasa, su suka ba kakanninmu wurin shimfiɗa buzu.

Abinci ba zai ba ta wahala ba, don rabin abin da Gana take karyawa da shi daga tukunyarmu ya fito. Kowace kusurwa da mai koko da ƙosai, kuma duk ƙasar "Hausa koko" ake ce masa. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, ita ce waakye, sunan ma daga wake aka samo shi. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, da fura, da masa, da tsire. Dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da yajin shito ne baƙonta, shi ma sati biyu ya ishe ta sabawa. Kasuwar Madina Laraba da Asabar take ci sosai, akwai mahautanmu, akwai masu gero da dawa daga arewa. Ki sani kuma, a nan mata ne kasuwa. Kulle irin na cikin birni ba mu tashi da shi ba. Mace takan yafa mayafinta ta fita neman halalinta, ba mai ganin ta zubar da mutunci. Na gaya wa yaron su zauna su yi wannan magana tun yanzu, kada wani ya zo da zaton da ba haka ba.

In Allah ya kawo rabo, akwai katin inshorar lafiya da aka kafa a 2003, kuma tun 2008 awon ciki da haihuwa suna cikinsa kyauta. Karatu ma da sauƙi, sakandaren gwamnati kyauta ce tun 2017, jami'ar Legon kuma tana kan hanyarmu. A bakinmu in an ce makaranta, ta allo da Islamiyya ake nufi, ta boko sukul muke ce mata. Yara suna zuwa makaranta Asabar da Lahadi, wasu har da yamma.

Hausar jikokinki kuwa, za su ji, amma irin tamu za su fara kamawa a waje. Mu ba mu cika raba namiji da mace a magana ba, za ki ji yaro ya ce "Mamana ya tafi kasuwa", ga Turanci da Asantanci suna faɗowa a tsakiya. A zango ko ba ka so Hausa za ta shige ka. A unguwa irin tamu sai uwa ta dage, don abokan wasan yaro Turanci suke yi. Na ga gidajen da aka yi sake, yara suna ji amma ba sa mayarwa. Ni murna nake 'yarki za ta zo mana da Hausar Kano garau, har na ce wa 'yan matana su buɗe kunne.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma shi ne abin da ya kamata ki ji wa tsoro, ba coci ba. Katanga ce. A Nima in ba ki fito ba har hantsi, sai an turo ƙofarki an ga lafiya. A nan mace tana iya wuni cur a bayan ƙyaure, miji yana gari, ba wanda ya ce mata sannu. Shekarata ta farko a Adenta na yi kuka ba kaɗan ba, ga ɗakuna ga fili, amma shiru kamar maƙabarta. Da muka ga haka, mu matan zango da ke wannan yanki muka nemi juna gida gida. Yanzu mun haura ashirin. Muna da adashi, wanda ake kira susu a nan, duk wata biyu muna taruwa a gidan ɗaya daga cikinmu, malama tana yi mana karatu ranar Alhamis. In an yi haihuwa mu ne masu ruwan zafi da kunun kanwa, in an yi rasuwa mu ne a kan tukunya har addu'ar bakwai. Biki da suna kuwa yawanci Lahadi ake yi, sai mu ɗinka ankonmu, wanda muke kira yayi, mu cika mota mu tafi Nima ko Fadama ko Sabon Zango, mu wuni cikin dangi mu dawo da dare. Sunan 'yarki ya riga ya shiga littafin adashi, ni na zuba mata na farko. Satin farko a gidana za ta riƙa wuni, bayan nan ƙaramar 'yata za ta riƙa biya mata in ta taso daga sukul, ni kuma duk safiya in zan tafi kasuwa ta ƙofarta hanyata take.

In za ku taho, ta mota sai kun bi Legas da Kwatano da Lome ku shigo ta Aflao, ta jirgi kuwa daga Legas kamar awa guda ne. Agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya, kada ki kira ni ki ce mun makara sallah. Takardar zamanta yaron ya fara bi. Ki sa mata daddawar Kano da kuka da busasshiyar kuɓewa a kaya, ki ƙara da turaren wuta, don na nan bai kai naku ba. Ke kuma ɗakin babbar 'yata na gyara miki, tagarsa tana kallon duwatsun Aburi. Ki gaishe mini da Alhaji da su Inna.