Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tantance Matsalar Shaye-shaye Ba Tare da Na'ura Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin sha-ka-tafi da ke ƙauye a jihar Jigawa. A 'yan shekarun nan samari masu aikin ƙarfi, 'yan acaɓa, har da wasu matan aure, suna yawan zuwa da kukan ciwon jiki, rashin barci da faɗuwar gaba, wani ma a kawo shi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya alhali bai taɓa yin ta ba. Zuciyata takan raya mini cewa akwai shaye-shaye a ciki, amma ina jin nauyin tambaya, idan kuma na daure na tambaya sai a ce mini "Allah Ya kiyaye." Ba mu da kayan gwaji. Ta yaya zan gane wanda ke da matsalar, kuma wa ya kamata in tura gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan kula. Zaton da kike yi yana da tushe. Binciken ƙasa da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi irin su tiramol da kodin suke sha ba bisa ka'ida ba. Saboda haka matar auren da ta zo miki da rashin barci ba abin mamaki ba ce, sai dai ita ce wadda ba a cika tambaya ba.

Rashin kayan gwaji bai rage miki komai ba a wannan fanni, domin ko a manyan asibitoci da baki ake tantance matsalar shaye-shaye, gwajin fitsari kuwa ɗan rakiya ne kawai. Abin da yake kawo miki "Allah Ya kiyaye" shi ne yadda ake jefa tambayar. Idan aka ce wa mutum "kana shaye-shaye?", musamman a gaban mahaifiyarsa ko a benci inda maƙwabta ke jiran layi, abin da kunnensa ya ji shi ne "kai ɗan ƙwaya ne?", kuma babu mai amsa wannan da "e." Ki keɓe da shi, ki roƙi ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, ki gaya masa cewa tambayoyi ne da kike yi wa duk wanda ya shigo, sa'an nan ki cika alkawarin, wato ki riƙa yi wa kowa, har dattijo mai rawani da hajiya mai casbi. Da zarar kin fara zaɓen waɗanda za ki tambaya bisa launin idonsu ko yanayin gashinsu, kin rasa rabin masu matsalar, kin kuma ci mutuncin wasu da ba su ji ba, ba su gani ba.

Ki fara da abin da ba a jin kunyarsa: goro, taba, shayi, maganin gargajiya. Daga nan ki ce, "Wannan aiki naka akwai gajiya, me kake sha don jikinka ya warware?" Mai tura baro ko mai noma da yake haɗiyar tiramol kowace safiya bai ɗauki kansa mashayi ba, a ganinsa maganin ƙarfi yake sha, kuma idan kika bi ta wannan ƙofa zai faɗa miki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ki kira abubuwan da sunan da aka san su a titi, wato wiwi, sholisho, roci, gadagi, zaƙami da maganin tari. Kada ki tsaya a kan "e" ko "a'a", ki nemi adadi: guda nawa a rana, mai lamba nawa, tun yaushe, kuma yaushe ne na ƙarshe? Lambar tana da muhimmanci ƙwarai, domin tiramol ɗin da aka amince da shi a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da mai 100, iyakar abin da likita ke bayarwa a yini kuma miligiram 400 ne, alhali wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 225 a ƙwaya ɗaya. Wanda ya sha biyu ya riga ya haura iyaka, kuma yawan tiramol sananne ne wajen haddasa irin jijjigar da kika ambata.

Akwai jerin tambayoyi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin ma'aikata irinki, ana kiransa ASSIST, kuma shi nake ganin ya fi dacewa da yankinmu saboda ya haɗa taba, giya, wiwi, abubuwan shaƙa, magungunan barci da dangin kodin a takarda ɗaya. Tambayoyi takwas ne, ba sa wuce minti goma. Ana tambayar abin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa, da yawan shan a watanni ukun da suka wuce, da ko yana jin matsananciyar sha'awar abin, ko ya jawo masa matsalar lafiya, ta kuɗi, ta iyali ko ta hukuma, ko ya hana shi sauke nauyin da ke kansa, ko wani nasa ya taɓa nuna damuwa, ko ya taɓa ƙoƙarin dainawa ya kasa, sai ta ƙarshe, ko ya taɓa yin allurar ƙwaya. Ana ba amsoshin maki, sai a haɗa su. Ga duk abin da ba giya ba, maki 0 zuwa 3 haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 26 matsakaici, wanda ke buƙatar 'yar gajeriyar nasiha daga gare ki a nan take, 27 zuwa sama kuma yana buƙatar ƙwararru.

Game da giya kada ki ce ai garinku garin Musulmi ne, babu mai sha. Ana sha, a ɓoye ake yi, kuma ɓoyewar ce ke sa a makara. Akwai ma'auni na musamman dominta mai suna AUDIT, tambayoyi goma, inda maki 8 zuwa sama ke nuna sha mai haɗari, 20 zuwa sama kuma ke nuna alamar jiki ya kamu. Sai dai ki lura da lissafi, domin ma'aunin ya ɗauki giram 10 na barasa a matsayin sha ɗaya, babbar kwalbar giya ta santilita 60 kuwa ta kusa biyu da rabi, burkutu kuma sai kin tambayi girman ƙwaryar.

Maki dai ishara ne, ba hukunci ba. Abin da ke tabbatar da cewa mutum ya kamu shi ne a ga ya kasa riƙe kansa, abin ya sha gaban sana'arsa da iyalinsa, adadin da yake ishe shi jiya ba ya ishe shi yau, idan kuma ya rasa sai jiki ya rikice. Wannan na ƙarshen shi ne inda nake so ki buɗe ido sosai, domin kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne su ce wa kowa "ka daina daga yau." Mai tiramol ko kodin da ya tsaya lokaci ɗaya zai sha wuyar gumi, hamma, zawo da ciwon gaɓoɓi. Amma wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, ko roci da dangoginsa na maganin barci, tsayawa farat ɗaya na iya kashe shi: ga mai giya, rawar hannu da gumi sukan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyo baya, a kwana na biyu zuwa na uku kuma sai ruɗewa da gane-gane. Irin wannan a asibiti ake janye shi sannu a hankali. Haka nan ki tura mai juna biyu, da mai yin allurar ƙwaya (wanda yake buƙatar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta), da wanda yake jin maganganun da ba kowa ke ji ba, da wanda ya ce rayuwa ta ishe shi. Ki tambayi wannan kai tsaye, tambayar ba ta saka wa mutum tunanin kashe kansa. Wanda aka kawo ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, wannan ba lokacin tambayoyi ba ne, a kwantar da shi ta gefe, a taimaka wa numfashinsa, a ba shi allurar nalokson, mai karya ƙarfin dangin kodin, idan akwai, a garzaya da shi. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau suna kusa da ku, akwai kuma na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 19 ya canza hali, yana kwana a waje, kuɗi na ɓacewa a gida. Abokaina sun ba ni shawarar in samo fitsarinsa a ɓoye in kai gwaji. Ko hakan zai warware mini shakka? Daga wani mahaifi a Zariya.

AMSA: Alhaji, Allah Ya shirya mana zuri'a. Gwajin ba zai ba ka amsar da kake nema ba. Abin da yake nunawa shi ne ko wani abu ya shiga jiki a kwanakin baya-bayan nan, ba ya faɗin yawansa, ba ya kuma bambanta wanda ya ɗanɗana sau ɗaya a wurin biki da wanda ya kamu. Wiwi na iya zama a fitsarin mai yawan sha har kusan wata guda, giya takan ɓace cikin yini, sholisho ba ya fitowa a gwajin da aka saba yi, tiramol ma sai an yi amfani da tsinken gwajin da aka keɓe dominsa. Ke nan sakamako na iya fitowa fes alhali yaro yana cikin matsala, ko ya nuna wani abu saboda maganin da likita ya rubuta masa. Idan kuma ya gano an yi masa haka a bayan idonsa, zai yi wuya ya sake buɗe maka cikinsa.

Canjin hali a wannan shekaru yana iya zama ƙwaya, yana iya zama ciwon damuwa, caca ta waya ko farkon taɓin hankali, kuma ma'aikacin lafiya ne zai iya rarrabe su idan ya zauna da yaron shi kaɗai. Ka zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, kai ma ba ka cikin fushi, ka faɗa masa abin da idonka ya gani ba tare da laƙaba masa suna ba, ko ka sa kawunsa ko yayan da yake jin maganarsa ya yi hakan. Ina roƙonka kada ka kai shi gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Ka fara da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa da kai, ka raka shi da kanka, idan an kira shi ciki kuma ka zauna a waje ka jira.