Ga ƙanina mai son zuwa Jamus karatun folima

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a sashen folima (roba da danginta) da yadi na ABU Zariya, kana so ka zo Jamus mastas a fannin folimar da ake sawa a jikin mutum, kuma 'yan gida na ta tsokanarka wai robar bokiti za ka je karantowa har Turai.

To ka ce musu zaren da ake ɗinke mace da shi bayan tiyatar haihuwa, wanda ba sai an koma an cire ba, robar ce. Vicryl sunansa, ruwan jiki ne ke cinye shi a hankali, cikin kwana 56 zuwa 70 ya ɓace. Ɗan gilashin da ake sa wa tsofaffinmu in an cire musu yanar ido shi ma folima ne, tun 1949 Harold Ridley ya fara sa shi a Landan.

Amma fa kada ka zo da tunanin likita za ka zama, wlh ba ruwanka da majinyaci, aikin lab ne kawai kuma yana cin rai. Ni yanzu aljinet nake aiki da shi, daga ciyawar teku ake samunsa, kana ɗiga shi cikin ruwan kalsiyam sai ka ga ya dunƙule kamar ƙwan kifi, a ciki muke rainon ƙwayoyin halitta. Watana na biyu na taɓa bakin kwalba da safar hannu ban lura ba, bakteriya suka shiga, aikin sati uku ya tafi kwandon shara, ranar ko abinci ban iya ci ba. Don haka kafin ka taso ka samu inda za ka riƙa taɓa kayan gwaji da hannunka, farfesoshin nan abin da ka iya suke tambaya.

Ka duba jami'ar Erlangen, suna da cibiya guda kan wannan fannin. Kuɗin makaranta kusan babu a yawancin jami'o'in gwamnati, sai dai jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 duk zango daga irinmu da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin da za ka nuna kana da shi kafin a ba ka biza, tun 2024 Yuro 11,904 ake zubawa a asusun da za su kulle suna sakar maka 992 a wata, in babu sai ka nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu.

Af, in za ka rubuta musu wasiƙar neman gurbi ka sako zancen ƙaro, shi ma folima ne kuma ga shi nan a Yobe da Jigawa. Ka turo min in duba maka.