Uwarsa ta sha bili-bili da cikinsa: yaya za a gane ko ta taɓa shi?

Tambaya: Likita, ina riƙon ɗan ƙanena mai shekara 6. Uwarsa tana dafa bili-bili, wato giyar dawa, kuma ba ta daina sha ba lokacin da take da cikinsa. Yaron bai da girman jiki, ba ya zama wuri ɗaya, abin da aka koya masa yau, gobe ya manta. Akwai gwajin jinin da zai nuna ko giyar ce? Wata uwa daga Garwa.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya. Gwajin jini dai babu, hoton ƙwaƙwalwa ma ba ya raba gardama. Alamu muke tattarawa.

A fuska abu uku muke dubawa: tsagar ido gajera, kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe sumul, leɓen sama kuma siriri. Likitan yara Paul Lemoine na Faransa ya bayyana wannan kama a 1968, Jones da Smith na Amurka suka raɗa wa ciwon suna Fetal Alcohol Syndrome, wato illar da giya ke yi wa ɗan tayi, a 1973. Sai dai fuska tana yaudara. Ita a makonnin farko na ciki take ginuwa, ƙwaƙwalwa kuwa tana ta girma har haihuwa, shi ya sa yawancin yaran da giya ta yi wa illa fuskarsu ƙalau take. Wata kamar kuma gado ce, wata daga maganin farfaɗiya irin su valproate da uwa ta sha.

Sai awo: tsawo, nauyi da kewayen kai. A nan yankinmu ina taka-tsantsan, don tamowa ma tana tsumburar da yaro, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai suna barin mantuwa. Yaron da aka ce ba ya jin magana, kunnensa nake fara aunawa.

Abin da ya fi nauyi shi ne bakin uwar: nawa take sha, kuma a wane watan ciki. Ki tambaye ta a keɓe, ban da gori, in ba haka ba za ta ɓoye. Mata da yawa suna ɗaukar bili-bili abinci tunda daga dawa take, alhali barasar cikinta tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi.

Ki kai shi wurin likitan yara, ki riƙo katin awonsa na jarirantaka da littafinsa na makaranta.