Amsa ga mai neman juya moton injin naɗe zaren sandar fatsa

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa injin naɗe zare a jikin sandar kamun kifi (zaren da ke ɗaure zobban da igiyar fatsa ke bi ta cikinsu) da moton keken ɗinki, amma sandar tana juyowa ta wajenka, kai kuma so kake ta riƙa juyawa gaba, har ka sauya wayoyin filogi ba abin da ya canja. To, ko sau goma za ka sauya su haka zai ci gaba da tafiya. Ni ma na ɓata yini guda a kan wannan kafin na gane.

Wutar gida dama kai-komo take yi, ba ta da ɓangaren da ya tsaya. Shi kuma moton keken ɗinki, kwayil ɗinsa na waje (naɗaɗɗiyar wayar tagulla) da ɓangaren da ke juyawa a jere suke kan layi ɗaya, in ka juya wuta daga waje wutar duka biyun ce ke sauya hanya tare, sai a tashi ba riba. Maganin yana ciki. Zare filogi tukuna, ka buɗe murfin, za ka ga buroshin kabon guda biyu suna gogar tagullar da ke kan sandar moton, kowanne da wayarsa. Waɗannan wayoyi biyu za ka musanya, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, kada ka taɓa sauran. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai, kuma ka yi hankali da ƴan sifirin da ke bayan buroshin, nawa ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur, sai da tsintsiya na samo shi. Bayan na juya nawa, na lura tartsatsin ciki ya ɗan ƙaru na kwana biyu, domin kabon ya riga ya ci ta gefe ɗaya.

Amma gaskiya da yau zan sake, ba zan buɗe moto ba. In bel ɗinka mai zagaye ne irin na roba, murɗe shi kawai ya zama kamar lamba 8 tsakanin fuli da fuli (faifan da bel ke hawa kai), nan take sanda za ta juya ɗaya ɓangaren. Ko kuma ka kwance moton ka juya fuskarsa, ya koma ɗaya gefen fulin. Minti biyar ka gama.

Daga baya na koma moton batir mai bolt 12, shi kam musanya wayoyi biyun da ke kai masa wuta ya wadatar. Na sa masa makunni mai ƙafa shida, mai tsayawa a tsakiya: wuta ta shiga ƙafafun tsakiya, moto a ƙafafu biyu na gefe ɗaya, sannan a gicciya wayoyi zuwa ɗaya gefen. Amfaninsa shi ne in zare ya hau kan ɗan'uwansa kusa da ƙafar zobe, sai in koma baya kaɗan in warware. In kana da na'urar rage gudu, makunnin ya zauna tsakaninta da moto. In ka sa shi kafin ta, kana iya ƙona ta. Kuma bari moto ya tsaya cak kafin ka juya.

Moton ƙaramar fanka marar kafasita (ƴar na'urar da ke taimaka wa moto tashi) ba ya juyuwa ta waya, kar ka wahalar da kanka. Ɗan moton faifan maikirowef kuwa duk inda ya ga dama yake tashi, ya dace da juya sanda lokacin busar da gam ɗin da aka shafa a kan zaren, ba naɗi ba.

Abu ɗaya da ya cuce ni: bakin da ke riƙe gindin sanda ɗaure shi na yi da murɗi a kan sandar fuli. Da juyi ya sauya, sai ya riƙa kwance kansa a hankali, ina tsakiyar naɗin zobe na uku sanda ta faɗo, zare ya watse. Duba naka, in na murɗi ne ka ƙara masa noti na biyu ka matse kafin ka taka feda.