Amsa ga ɗan'uwan da ke tunanin sayar da garkensa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce abincin dabbobi ya yi tsada, gwamnati kullum da sabuwar doka, yara kuma ba sa son bin shanu, shin ka sayar da garken ka kama wata sana'a? A kiwo na tashi, a cikinsa na yi furfura. Shawarata ita ce kada ka sayar duka, amma ka rage, kuma ka rage tun dabbobin suna da jiki.

Abin da ya fi karya makiyayi shi ne sayarwar dole. Idan rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, kowa yakan kora dabbobinsa kasuwa lokaci guda. A daidai lokacin ne hatsi da dusa suke tashi, kuɗin saniya kuma yana faɗuwa. Na ga saniya mai kyau ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, sai an kama wutsiya an ɗaga ta kafin ta miƙe, dillali kuwa ya taya abin da bai kai rabin kuɗinta na kaka ba. Haka aka yi a farin 1973 da na 1984 a yankin Sahel. Da yawa daga waɗanda suka riƙe garke suna jiran ruwa, fata kawai suka tsira da ita. Yanzu ma ba sai an yi fari ba: da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, masara da alkama da taki suka hau a duniya, masu kiwon turka da na kaji suka ji a jikinsu.

Saboda haka da kaka ka zauna ka yi lissafin harawa da kara da dusar da za ka iya tarawa har faɗuwar ruwa, sannan ka daidaita garken da wannan abincin. Buɗe bakin kowace saniya ka duba. Wadda haƙoranta suka zube, da wadda ta yi shekara biyu ba ta haihu ba, da wadda nononta ya lalace, da bijiman da suka wuce buƙatarka, duk su tafi. Na san akwai wadda zuciya ba ta son rabuwa da ita, musamman ta gado, wallahi da ciwo. Amma karsana da uwayen da ke haihuwa su ne jarinka. Ka haɗa da awaki da tumaki, cikinsu wata biyar ne, na saniya tara, kuma su ne za su riƙa toshe ƙananan buƙatu ba tare da ka taɓa babbar dabba ba.

Batun siyasa kuwa, kada ka jingina kiwonka da alkawarin gwamnati. Ƙasar Niyuzilan ta janye tallafin manoma daga 1984. Tumakinta sun kai kusan miliyan 70 a 1982, yanzu ba su kai miliyan 25 ba, amma kiwo bai mutu ba, mutane sun koma ga nono da nama mai daraja. A Najeriya jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi tun 1998, sai ga Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Burtalin da ka bi bana, baɗi kana iya tarar da shi gona ko shinge. Don haka duk filin da kake kiwo ko mashayar da ka dogara da ita, ka nemi takarda, ko yarjejeniya a rubuce da masu gonaki gaban shaidu. Ka shiga ƙungiyar makiyaya, mutum ɗaya ba a jin muryarsa a ofis.

Kada ka yi wasa da rigakafi don rage kashe kuɗi. Da allura aka kawar da cutar shanu ta bushiya daga duniya, aka sanar a 2011, amma ciwon huhu na nan.

Yaran kuma, ka miƙa musu littafin lissafi da cinikin nono da neman masu saye ta waya, ka ware wa kowa karsana tasa. Idan ka faɗa mana yawan uwayen da kake da su da abincin da ka tara, sai mu taya ka lissafin nawa za ka riƙe.