Amsa ga Hajiya kan karatun nas

Wa'alaikumussalam Hajiya. Kin ce 'yarki ta gama sakandare tana son shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma ana ta gaya miki wai tunda nas sun yi ƙaranci, tana gamawa aiki na jiranta. Toh ni dai na daɗe ina wannan aikin a asibitin gwamnati, ƙarancin kam gaskiya ne, amma maganar aiki na jiranta ki ɗan sassauta.

Rajistaran NMCN (hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya) na wancan lokacin, Faruk Abubakar, da bakinsa ya faɗa a Fabrairun 2024 cewa nas sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, wasu Ingila wasu Saudiyya wasu Amurka da Kanada, ga masu ritaya ga waɗanda Allah ya yi wa rasuwa. Matsalar ita ce ba a cike gurbinsu. Sai ki ga yarinya ta gama da lasisinta a hannu tana aikin sa kai ko kashuwal, wato na wucin gadi, shekara da shekaru, ko tana asibitin kuɗi ana ba ta abin da kuɗin mota ke cinyewa, alhali mu da ke ciki muna neman mai kama mana ruwa a jallo.

Aikin waɗanda suka tafi kuwa kanmu ya dawo. Dutin dare za ki karɓi ɗaki cike da marasa lafiya ku biyu kacal, wani lokacin ma ke da ɗaliba, wannan ƙarin ruwansa ya ƙare, wancan lokacin allurarsa ya yi, ga wani numfashinsa ya canza, wuta ta ɗauke kina neman jijiya da fitilar waya, 'yan jinya kuma na tsaye a kanki suna cewa nas ba su da imani. Wallahi ban cika ganin laifinsu ba, mutum uwarsa ce a kwance, kuma akwai masu baƙin hali a cikinmu ba zan ɓoye ba, amma da yawa gajiya ce kawai ta ci su. Ciwon baya, rashin barci, hawan jini, duk muna fama. Ki dawo gida da safe yara na jiranki maigida na jiranki, biki da suna duk sun wuce ki, har a fara cewa ba ki da zumunci. Ranar da yaro ya rasu a hannunki kuwa ba mai tambayarki ya kike, sai dai ki wanke hannu ki wuce gado na gaba.

Irin wannan ne ya sa ƙungiyarmu ta nas da ungozoma, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi ranar 30 ga Yulin 2025, kuma cikin buƙatun har da ɗaukar sabbin ma'aikata da gyaran alawus ɗin duti. Bayan 'yan kwanaki aka janye da aka zauna da gwamnati.

Ba wai ina cewa ki hana ta ba ne fa. Mu nan arewa muna bukatar mata a wannan aikin sosai musamman ɗakin haihuwa, mata da yawa ba sa sakin jiki sai da mace 'yar uwarsu. Kawai ki tabbatar ita ce ke so ba ku ba, ki bincika ko NMCN ta amince da makarantar don akwai na bogi, in da hali ta haɗa da karatun ungozoma. In manemi ya fito kuma a yi maganar dutin dare tun kafin a sa rana, na ga auren da wannan ya girgiza.

Batun fita waje da za a fara yi mata romon baka, ku yi hattara da ejan masu karɓar kuɗi, Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kar a zo ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu, mai son tafiya da kanta take neman aikin bayan ta ci jarabawowin ƙasar da za ta je.